Kalangun da Ba Ya Cikin Jeri

A shekarun da nake koyar da Faransanci a wata ƙaramar lakwal, wato makaranta, a unguwar Zongo ta Kwatano, duk Lahadi bayan azahar mukan haɗu mu biyar a bayan shagon wani tela, mu yi abin da muke kira wasan labari. Wani ɗalibin jami'a ne ya koya mini, ni kuma na kawo shi unguwa. Mutum ɗaya ke jan labarin, shi zai ce ga ku a bakin kogi, ga 'yan fashi sun tare gada. Sauran kowa da jaruminsa a rubuce a takarda, da sana'arsa da abin da ya iya. In jarumi zai yi abu mai wuya, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo mai fuska ashirin, ita za ta nuna ko ya dace. Da farko dattawan layinmu sun ɗauka caca ce. Sai da telan ya zaunar da biyu daga cikinsu suka kalla har la'asar, sannan suka ƙyale mu.

Ni ne mai jan labari a teburinmu. Cikin 'yan wasan akwai abokina mahauci, wanda muka taso tare tun muna yara. Yana da i'ina mai tsanani. A rumfarsa ba ta damunsa, mai saye ya nuna da yatsa, shi kuma ya yanka. Amma wasa baki yake so. Watannin farko jaruminsa mayaƙi ne, kuma duk lokacin da aka zo magana da sarki ko mai gadin ƙofar gari, sai ya sunkuyar da kai ya ce wani ya yi.

Wata Lahadi ya zo da kalangu rataye a kafaɗa. Na kakansa ne, wanda ya yi wa mahauta kiɗa a arewa kafin fataucin shanu ya kawo gidansu Kwatano. Ya ce yana son sabon jarumi, makaɗi, wanda ba ya magana da baki ko kaɗan.

Na ce, "To yaya za mu ji abin da yake faɗi?"

Ya matse kalangun a hammata ya kaɗa sunan telan, sak yadda uwarsa ke ƙwala masa kira. Telan ya faɗi ƙasa don dariya.

Babu irin wannan jarumi a littafin wasan, don haka muka ƙirƙira shi da kanmu. Na saki hannu sosai. Na rubuta cewa abokan tafiyarsa za su ji kiɗansa komai nisa, kuma duk wanda ya ji, ƙarfinsa zai ƙaru a kowace jifa. Shekara guda muka yi a haka. Mutumin da ba ya ɗaga kai ya koma shi ke sasanta rigima, shi ke zolayar sarakuna.

Ana nan sai teburan wasa na gari suka haɗa kai: namu, da na unguwar Tokpa-Hoho, da na Placodji, da wani ƙarami a Ladji. Aka kafa kwamiti. Aka shirya cewa bayan kowane wata uku za a yi babban taro, kuma mutum na iya ɗaukar jaruminsa ya zauna a kowane tebur ya ci gaba da shi. Saboda haka suka fitar da jerin irin jaruman da aka yarda da su. Jerin ya shigo wayata saura mako uku a yi taron farko. Na karanta shi sau biyu. Akwai mayaƙi, akwai maharbi, akwai mai magani, akwai mawaƙi. An rubuta ƙarara cewa duk abin da wani tebur ya ƙirƙira da kansa ba zai shiga ba.

Ban gaya masa ba. Kullum in na biya ta rumfarsa sai in tarar yana gyara tsarkiyar kalangun, in kasa. Na riƙa yaudarar kaina cewa mutane za su yi yawa, ba wanda zai tsaya duba takarda.

Ranar taron muka hau zemijan, wato babur na haya, zuwa wani ɗakin lakwal a Placodji, inda ƙanshin bandar kifi ke shigowa ta taga. A bakin ƙofa wata mata ke zaune da biro, tana karanta takardar kowa layi bayan layi. Ma'aikaciyar jinya ce, 'yar gidan masunta, kuma ita kwamiti ya naɗa alƙaliya. Ta karanta ta abokina, ta duba jerin, ta miƙa masa abarsa. Ta ce da Faransanci wannan jarumin ba zai shiga ba.

Yana jin Faransancin kasuwa, ba sai na fassara ba. Ya juyo ya dube ni.

"Malam, ka s-sani?"

Na ce, "Na sani."

Ya gyara ratayar kalangunsa ya fita waje.

Kunya ta sa na huce a kan matar. Na ce mata shekara guda mutumin nan ya yi da jaruminsa, wace irin doka ce za ta kore shi a ƙofa? Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce bara a teburinsu wani ya kawo jarumi mai fukafukai da abokinsa ya rubuta masa, shi kaɗai ya riƙa gama komai, sauran suna zaune suna kallo, har mutum biyu suka daina zuwa. Ta ce, "Abokinka yana da mai tsaya masa, ga ka nan. Akwai waɗanda za su zo yau ba su san kowa ba. Saboda su aka yi jerin."

Sai ta tambaye ni me ya sa lallai sai ganga. Na gaya mata. Ta ba wani biron ya riƙe mata ƙofa, ta fita da kanta.

Muka same shi zaune a kan wani kwale-kwale da aka kife. Ta yi masa magana da yaren Fon, wanda ya fi ni iyawa, kuma ta jira shi ya gama kowace kalma ba ta ƙarasa masa ba. Abin da ta ce shi ne, ba ta da ikon ƙara wa jarumi ƙarfin da littafi bai ba shi ba. Jin kiɗa daga nesa ba zai yiwu ba, ƙarin ƙarfi a kowace jifa ma haka. Amma mawaƙi yana cikin jerin, kuma ba inda aka ce dole da maƙogwaro zai yi waƙarsa. In ya yarda, a rubuta mawaƙi a takarda, kalangu ya zama muryarsa.

Ya ce, "R-rabin ƙarfinsa ya tafi ke nan."

Ta ce, "Fiye da rabi ma."

Ya zaro takardar jaruminsa. Sannan ya miƙo mini hannu na ba shi biro.

Ni an ba ni wani tebur in ja labari, shi kuma aka zaunar da shi da mutum huɗu da bai taɓa gani ba, ba mai jin Hausa a cikinsu. Hankalina duk yana can. Na hango shi kafin a fara yana koya musu kiɗa huɗu: ku zo, ku gudu, na yarda, ƙarya yake. Wata 'yar kasuwa daga Tokpa-Hoho tana maimaitawa da yatsu a kan tebur.

Can wajen la'asar, a labarinsu wani attajiri yana rantse musu cewa hanyar daji lafiya lau take. Sai kalangu ya tashi. Mutum huɗun nan suka haɗa baki da Faransanci, "Ƙarya yake!" Duk ɗakin ya juyo. Mai jan labarinsu ya kifa kai a tebur yana dariya, domin kuwa ƙarya attajirin yake yi.

Sai ranar Talata da na je rumfarsa, ya ajiye wuƙa ya ce, "Da ka f-faɗa mini, da na zo a shirye." Na ba shi haƙuri, ban kawo wata hujja ba. Ya ƙunsa mini tsoka ya ce in kai wa uwargida.

Shi ne ya kawo shawarar mu rubuta wa kwamiti. Muka zauna a shagon tela, yana faɗi ina juyawa zuwa Faransanci, kuma shi da kansa ya rage wa makaɗin ƙarfi fiye da yadda na so. Ya ce kiɗan kada ya wuce nisan da ake jin kalangu a kasuwa, ƙarin ƙarfin kuma sau ɗaya a zama. An ɗauki watanni. Sun dawo mana da takardar sau biyu, mun gyara. A jerin shekarar da ta biyo baya, sai ga makaɗi a ƙarshen shafi na biyu.

Ba shi kaɗai ya ɗauke shi ba. Wani saurayi a Ladji ya rubuta nasa makaɗin, amma bai taɓa riƙe ganga ba, sai ya aiko yana roƙon a koya masa. Lokacin damina ne, ruwa ya cinye layukan unguwarsu. Abokina ya naɗe kalangun a leda biyu, ya naɗe ƙafar wando, ya ce in zo in raka shi. Muka shiga kwale-kwale daga bakin titi, shi a gaba, yana tambayar mai tuƙi ko da sauran nisa.