Garin da Badaru Ya Zaɓa

Badaru bai taɓa buga ƙwallo ba a rayuwarsa. Na faɗi wannan tun da farko saboda yaran yanzu, da ke kiran filin garinmu da sunansa suna zaton wani gwanin ɗan wasa ne. Ina! Ƙafarsa ta hagu a karkace take, jaki ya taka shi tun yana ƙarami. Falke ne mai jakai bakwai, yana kai saƙi da barkono Damagaram, can ƙasar da Faransa ke mulka, ya dawo da kanwa da dabino. Gajere ne, ba ya yawan magana, amma in ya kafe a kan abu, jakunansa ma sun san ya fi su taurin kai.

A Damagaram ya fara ganin tamaula, sojoji suna yi a bayan bariki. Ya ce ya tsaya ne jakai su huta, bai ankara ba sai da ya ji kiran magariba. Tafiyar da ya sake yi, sai ga shi ya dawo Kwarin Gawo, ƙauyenmu na yamma da Ɗanbatta, da ƙwallon fata a cikin mangala tare da kanwa. Ya miƙa wa Malam Muhammadu Sani, malamin elemantare, ya ce, "Malam, kai ka san dokokin abin nan. Ka koya wa samarinmu."

Ƙwallo ta samu, amma ina za a buga? Wanda bai san ƙasarmu ba ba zai gane ba. A nan ba a barin taƙi guda na ƙasa a banza. Gona tana manne da gona, gefen hanya ma rama ce da kuɓewa, in ka jefar da hula a gonar wani za ta faɗa. Sai Badaru ya je gaban yayansa Isyaku, wanda shi ne shugaban gandun gidansu, ya roƙi gonar da ke bakin gari, wadda kowa ya san kasonsa ce in an tashi rabo. Isyaku ya dube shi kamar ya ga mai taɓin hankali.

"Gonar da Baba ya shekara talatin yana kai wa taki? A bar ta gardawa su yi ta tsalle a kai?"

"Yaya, damina biyu kawai."

Ya ba shi damina biyun, da ƙyar, bayan liman ya sa baki. Muka baje gonar, muka kafa turaku huɗu na gawo, muka ɗaura igiyar rama a sama. Ni, Sammani, ni aka ba tsaron gida, don na fi kowa tsawo kuma na fi kowa ƙyuyar gudu. Damina biyu ana shuka ko'ina sai wannan fili, damina biyu ana yi wa Badaru dariya a dandali da wurin suna. Matarsa Larai ta daina zuwa rijiya da safe saboda habaicin mata.

Saura shekara biyar Turawa su tafi, bayan an cire gyaɗa, takarda ta zo wa Malam. Wasu malaman makaranta na ɓangarenmu da na ɓangaren Faransa sun haɗa gasa ta ƙungiyoyi huɗu. Akwai ta akawunan Kano, akwai ta Damagaram, da wata daga Magarya, sai mu, da aka sa don a cike gurbi. Abin da bai tabbata ba shi ne garin da zai karɓi baƙi. Aka ce kowace ƙungiya ta turo wakili Ɗanbatta bayan mako uku a yanke magana.

Isyaku na jin labari ya kira ƙanensa a gaban mutane. Ya ce wa'adi ya cika. "Ku je ku yi. In aka lallasa ku, ruwan farko ina huɗe gonata, kada wanda ya sake yi mini maganar tamaula har na mutu. In kun ci, na bar maka." Yana faɗa yana murmushi, don ya san akawunan Kano takalma gare su masu ƙusoshi, mu kuwa ƙafar da Allah ya ba mu.

Mu dai duk Kano muke so. Ba zan ɓoye ba, ni na fi kowa zaƙewa. Ban taɓa ganin jirgin ƙasa ba, ban taɓa shiga silima ba, har na yi wa amaryata alkawarin kwalli da madubi daga kasuwar Kurmi. Malam ma Kano yake so, ya ce can ne fili mai layin farar ƙasa da raga ta gaske. Badaru ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce shi a tura shi wakili, amma sai ya fara zagayawa ya gani da idonsa. Malam ya yarda, don ba shi da wanda zai bar wa aji, kuma ya ɗauka magana ta riga ta ƙare a Kano.

Fatake suna da yadda suke auna gari kafin su yada zango, kuma Badaru bai san wata hanya ba sai ita. Ba ya tambayar ɗan gari ko garinsu da daɗi, don kowa zai ce e. Yakan ɗebi ruwan rijiya ya kurkure baki. Yakan leƙa gidan mai masauki ya ga yadda aka karɓi wanda ya riga shi zuwa. Sannan ya tuɓe takalmi ya taka wurin da jakai za su kwana, tun daga wannan gefe har wancan, don abin da zai soki kofato sai tafin ƙafa ya fara ji. Haka ya yi wa filayen ƙwallo. Ya hau motar gyaɗa ya je Kano, ya tuɓe takalminsa na faɗe ya ratsa filin nan mai layi, masu shara suna kallonsa suna dariya. Na Damagaram ya riga ya san shi, amma ya koma ya sake takawa. Ya dawo mana ranar goma sha shida, ya zauna a gindin turke, ya miƙe ƙafafu ya nuna mana tafinsa. Duk ya farfashe.

"Wannan na Kano ne," in ji shi. "Jar marmara ce aka daɓe, tsakuwa a kai. Ni da na shekara ashirin ina bin jakai, sau ɗaya na ratsa na dawo. Ku za ku yi awa ɗaya da rabi kuna gudu. Na Damagaram ƙasar da sauƙi, amma tsidau ya cinye gefe da gefe, kuma ruwansu sai cikin mutum ya saba. Kwana biyu za ku yi kuna zarya bayan gida."

"To ina za mu?" in ji Malam, ransa ya fara ɓaci.

"Ɗankanya."

Muka fashe da hayaniya. Ɗankanya! Wani ɗan garin kasuwa ne dab da iyaka, zangon fatake, ba abin da ke cikinsa sai rumfunan kanwa da kashin raƙuma. Na miƙe na ce masa, "Baba Badaru, wallahi ka cuce mu. Mutum ya bar ƙauye ya tafi ƙauye?" Bai ko kalle ni ba. Ya ce akwai gonar gyaɗa a gabas da kasuwar, shimfiɗaɗɗiya, jigawa irin tamu sak, har ta fi tamu laushi, mata sun gama kala sun tsince ta tas, ko ƙaya ɗaya babu. Mai gonar mai masaukinsa ne, kuma ya yarda. Na yi kwana uku ba na gaishe shi, har yau ina jin nauyin wannan.

A Ɗanbatta abin ya tafi yadda ya zata. Wakilin Kano, wani akawu mai tabarau, ya ce ai babu ma abin tattaunawa. Na Damagaram da na Magarya suka ce su ba za su yi tafiyar kwana biyu su je gidan abokin karawa ba. Tun hantsi ake abu ɗaya har aka yi azahar aka dawo. Badaru yana gefe yana cin goro, kamar yadda yake yi a kasuwa in dillalai suna ta da jijiyar wuya. Sai da ya ga kowa ya gaji, an fara maganar a fasa gasar gaba ɗaya, sannan ya gyara murya.

"Malamai, ni ban yi boko ba. Amma mu in falken arewa da na kudu suka ƙi zuwa gidan juna, a zango suke haɗuwa. Ɗankanya tsakiya ce. Ba wanda zai ce an kai shi gidan wani. Ruwanta garɗi gare shi, masauki kuma na ɗauke muku, ranar kasuwa mutanen ƙasa biyu za su cika ta ba tare da an yi shela ba."

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Maganar rairayi ce dai ba wanda ya tambaye shi, shi kuma bai ga dalilin tsoma ta ba. Akawu ya tambaya ko akwai fili, ya ce akwai, shimfiɗaɗɗe kamar tabarma. Aka sa hannu.

Da ƙafa muka je, yini biyu, jakan Badaru na ɗauke da gari da tabarmi. Muka tarar garin ya cika maƙil, Buzaye a kan raƙuma, Fulani mata da ƙoren nono, fatake sun hau kan buhunan kanwa don su hango. Ranar farko ƙuri'a ta haɗa mu da akawunan Kano. Suka sauko daga mota da riguna iri ɗaya, da safa har gwiwa, takalma suna ƙyalli. Mu kuwa gajeren wando na saƙi, Larai ta rina mana riguna a baba don mu yi kama da juna.

Ba a yi minti goma ba na gane abin da tsohon nan ya gani. Takalmi mai ƙusa a jigawa nutsewa yake yi. Akawu zai ɗaga ƙafa kamar mai tafiya a fadama, kafin ya juyo Mani, ɗan wasan gabanmu, wanda tun yana shekara bakwai yake bin awaki a irin wannan ƙasa, ya wuce shi ya bar shi yana haki. Ƙwallo ma ba ta gudu yadda suka saba, sai ta tsaya musu a rabin hanya. Da aka dawo hutu rabinsu sun tuɓe takalman. Nan suka gamu da na biyu, don rairayin la'asar bai huce ba, ƙafar ofis kuwa ba ta san shi ba. Suka riƙa ɗage-ɗage kamar kaza a kan garwashi. Muka ci su uku da nema, ni kuma na yini a tsaye ina kallo kamar ɗan kasuwa.

Na Damagaram, da suka fitar da Magarya muka haɗu da su a wasan ƙarshe, ba su zo da sauƙi ba. Sun san rairayi, kuma sun ga abin da ya sami akawuna, suka shigo ba takalmi tun farko. Suka fara zura mini ɗaya, wadda har gobe ina cewa ta bi ta saman igiya. Mani ya rama kafin hutu. Daga nan aka yi ta gwabzawa, ba mai gaba ba mai baya. Sai can wajen ƙarshe na ga sun fara sanyi, suna dafa gwiwa, don su filin bariki suka saba, wanda ya fi wannan tauri, mu kuwa damina biyu da rani biyu muna tumurmusa a irin wannan. Saura kaɗan a tashi ɗan wasanmu Iliyasu maƙeri ya ɗauko ta daga tsakiya, ya ratsa mutum uku, ya dungure ta da babban yatsa. Ta shiga.

Ban san lokacin da na baro gida na iso tsakiyar fili ba. Fatake suka diro daga kan kanwa, mata suka ɗau guɗa, har Buzayen da ba su san wa ya ci ba suna ta ɗaga takubba. Muka ɗaga Badaru sama, yana ta cewa mu sauke shi hularsa za ta faɗi. Na ga hawaye a idonsa, kuma ni ma kuka nake yi wiwi, ƙato da ni. Akawu mai tabarau ya zo ya ba shi hannu, ya ce, "Baba, ka san da rairayin nan." Badaru ya ce, "Malam, ka tambaye ni fili, na ce maka akwai."

Muka dawo da ɗan kofi na azurfa, aka tarye mu da kalangu tun daga mararraba. Larai ta fita rijiya washegari da hantsi tsaka, da sabon zane. Isyaku kuwa, rani ya wuce bai taɓa ta da maganar gonar ba, Badaru kuma bai tambaya ba, don ƙane ba ya tuna wa wa alkawari. Hankalinmu bai kwanta ba, mun san mutum yana iya faɗar magana a gaban jama'a, ganin hadari ya sa ya manta.

Ruwan shuka ya sauka ranar wata Laraba. Da safe gari duka ya fita da sungumi. Sai ga Isyaku ya nufo filin da 'ya'yansa da ƙoren iri, ya tsaya a bakinsa. Ƙasar ta jiƙe, ta yi baƙi, ta huta shekara biyu, duk manomin da ya gan ta sai yawunsa ya tsinke. Mutane suka dakata da shuka suna kallo. Badaru na tsaye a gefe, hannu a baya. Isyaku ya daɗe yana duban filin, ya sunkuya ya dumbuzi ƙasa ya murza, ya zubar.

"Badaru."

"Na'am, Yaya."

"Turakun nan naku gara ta ci su, abin kunya ne baƙi su gani. Akwai azara huɗu a bayan rumbuna, da na ajiye don sabon ɗaki. Ka sa a ɗauko."

Ya saɓa sunguminsa, ya bi ta gefen filin da 'ya'yansa a baya, suka zagaye suka wuce gonar gaba.