Ranar da Aka Zaunar da Ni Gefen Miji

Ni ba mai yawan waiwaye ba ce. Abin da ya wuce nakan bar shi inda ya faɗi. Amma akwai wata rana a Alƙahira, cikin shekarar 2013, da ko na so in manta ba za ta sake ni ba: ranar da aka zaunar da ni gefen wani miji, aka ce in ina son shiga ƙungiya, to ga jarrabawata.

A lokacin ina zaune a unguwar Ard al-Liwa, ina sayar da tuwo da miyar kuka ga 'yan uwanmu baƙi da ɗalibai. Ban taɓa shiga aji ba. Abin da na sani game da mutuwar aure, a jikina na koye shi. Nawa auren a kotu ya ƙare, can gida, bayan an yi ta tonon silili a gaban mutanen da ba su san mu ba. Aka raba ni da ɗana, ya girma ba a hannuna ba. Shi ya sa duk macen da aurenta ya lalace a unguwar, ɗakina take nufa. In raka ta gidan mijin, in tsaya mata, in faɗa masa abin da ba ya son ji. Maza sun san ni, kuma ba sa sona. Ban damu ba.

Wani malami ɗan ƙasarmu da ke sayen tuwo a wajena shi ya ba ni labarin ƙungiyar, don shi ma yana ciki. Lauyoyi ne da malamai da masu kula da lamuran iyali suka haɗu. Aikinsu ba gyara aure ba ne. In mata da miji sun riga sun yanke za su rabu, sai a zaunar da su a teburi ɗaya, kowa da mai zama kusa da shi, a raba su ba tare da an je kotu ba. Tun farko kowa zai yi alkawarin haka, kuma duk wanda ya saɓa ya kai ƙara, 'yan ƙungiyar gaba ɗaya za su cire hannu. Ya ce suna neman mai jin Hausa wadda ba ta tsoron ido. Na ce an same ta.

Ofishin yana Wustul Balad, wato tsakiyar birni, a wani tsohon bene da na'urar hawansa ta daɗe da mutuwa. Na hau da ƙafa ina haki. Shugabar wata lauya ce 'yar Masar, dattijuwa, kowa Ustaza yake ce mata. Da Larabcin kasuwa da na iya muka yi magana.

"Ya Hajja, na ji labarinki," in ji ta. "An ce maza kan canza hanya in sun hango ki."

Na ce, "Suna da hankali."

Ta yi dariya, ta turo mini shayi. Sannan ta ce su a nan, duk wanda zai shiga, zamansa na farko a gefen da ba zai taɓa zaɓa wa kansa ba ake ajiye shi. "Ke miji za ki zauna wa. Kuma ga sharaɗi: abin da yake so, da bakinsa zai faɗa. Ki ba shi shawara, ki fita da shi waje, ki yi masa faɗa in kin ga dama. Amma ranar da kika faɗi buƙatarsa a madadinsa a teburin nan, khalas, shi ke nan, mun gode."

Raina ya ɓaci, amma ban nuna ba. Ina son aikin. Na gaji da faɗa a ƙofar gidajen mutane wanda ba ya ƙarewa da komai sai ƙarin gaba.

Mijin tela ne, ɗan wajen Maraɗi, shagonsa ba nisa da inda nake. Na je na same shi a kan keken ɗinki. Ya gaishe ni kansa a ƙasa, don shi ma ya san ni. Na tambaye shi me yake so a rabuwar nan. Ya ce, "Duk abin da aka yanke, Hajiya." Na sake tambaya, ya sake faɗin haka. A gefen keken na ga wasu 'yan riguna ƙanana na mace, an ɗinke su da ƙyallen da ya rage daga ɗinkin mutane, kowace an yi mata aiki a wuya kamar ta amarya. Na ce na wa ne? Ya ce, "Na yarinyar nan ne," ya ci gaba da taka keke. 'Yarsu ɗaya ce, ba ta wuce shekara huɗu ba.

Ranar zaman, matar ta zo da gwaggonta, wadda ta rene ta. Malamin nan shi aka zaunar gefen matar. Gwaggon na shigowa ta gan ni kusa da telan, ta tsaya cak ta riƙe haɓa.

"A'a! Mai tuwo? Yau kuma ke ce lauyar maza? Da me ya saye ki, da ɗinkin sallah?"

Na ce, "Gwaggo, zauna. Kujerar ba ta cizo."

Maganar ɗaki da kayan ɗaki ba ta ɗauki lokaci ba, domin duk abin da aka ambata sai ya ce ta ɗauka. Da aka zo kan yarinyar ne abin ya tsaya. Matar ta gyara mayafinta ta ce gwaggonta za ta koma gida bayan sallah, kuma gwaggon tana so ita da yarinyar su bi ta. Ita kuwa tana da aiki nan Alƙahira, a unguwar Hadayek el-Maadi, za ta iya zama. "In yana son 'yarsa kusa da shi, ya faɗa in ji. Tun da na haife ta bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. In bai damu ba, mu tafi abinmu."

Malam ya fassara wa Ustaza. Ta juyo ta tambayi mijin. Ya kalli ƙasa ya ce, "Duk wanda ya fi mata sauƙi."

Ustaza ta ɗauki alƙalami za ta rubuta hakan.

Duk Bahaushen da ke ɗakin ya san abin da ke faruwa. 'Yar fari ce. A wajenmu uba yana kunyar ɗansa na fari, ba ya kiran sunansa, ba ya nuna yana sonsa, balle a gaban surukai. Gwaggon ta fi kowa sani, amma ta yi shiru tana kallon rufin ɗaki, don shirun ya yi mata daidai. Maganar tana bakina, har ta zo kan harshe. Da a ƙofar gida ne, da tuni na faɗa na gama. Malam ya dube ni ya ɗan girgiza kai. Na haɗiye, na ce, "Ustaza, za mu ɗan fita."

A kan matakala na tsayar da shi. Na ce, "Kana son 'yarka ko ba ka so?"

"Haba Hajiya. 'Yar fari ce fa. A gaban surukata zan buɗe baki?"

Na ce masa kunyar nan don gida aka yi ta. A gida in ka yi shiru, uwarka za ta goye ta, ƙanenka zai kira sunanta, yayanka zai tsaya ya ce jinin gidan nan ba ya zuwa ko'ina. Kai ka yi kawaici, dangi su yi maka magana. "A nan wa kake da shi? Ina uwar taka? Ina yayan naka? Keke kawai gare ka, shi kuwa ba ya magana."

Ya share gumi da hularsa. "To ke ki faɗa musu mana. Ai kin gane."

"Ba zan faɗa ba. In na faɗa za a kore ni, amma ba shi ne babban dalili ba. Matar nan ba muryata take jira ba."

Na ce, "Ni ɗana yana can, gemu ya fito masa ban gani ba. Na yi ihu a kotu har muryata ta dushe, ba wanda ya saurare ni. Kai an zauna ana jiranka ka buɗe baki. In jirgi ya tashi da yarinyar nan, kunyarka ba za ta dawo da ita ba. Yalla, mu koma ciki."

Ban jira amsarsa ba, na shige gaba. Ban san ko zai biyo ni ba sai da na ji takunsa.

Ya zauna. Ya ajiye hular a kan gwiwa yana murza ta. Can sai ya kira sunan yarinyar. Da ƙyar muka ji shi. Ya sake kira, wannan karon sosai, ya ce, "Ina so ta zauna inda zan riƙa ganinta. Ba zan iya ba in ta tafi."

Gwaggo ta tafa hannu. "Innalillahi! Yau na ga rashin ta-ido. Zaman Masar ya lalata maza."

Matar ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Da ta buɗe ta ce, "Shi ke nan. Na zauna."

Kada wani ya ɗauka sun koma. Ba su koma ba, auren ya riga ya mutu, kuma ba wanda ya ce musu su yi haƙuri. Saki ya tabbata. Aka yarda yarinyar tana hannun uwarta, ran Juma'a bayan masallaci ya je ya ɗauko ta ta wuni a wajensa. Ba kotu, ba zagi.

Da suka fita, Ustaza ta miƙo mini hannu. "Mabruk, barka, ya Hajja. Kin shiga. Akwai wani mijin mako mai zuwa, shi kuma ba ya rufe baki."

Na ce, "Kawo shi."

Matan unguwa sun yi ta magana, wai na koma bayan maza. Na bar su. Daga baya wasu cikinsu ni ce na zauna musu a teburin nan, kuma su ma ban faɗi ko kalma ɗaya a madadinsu ba.

Abin da ranar ta koya mini ke nan. Tsaya wa mutum ba shi ne ka yi magana a madadinsa ba. Ka tsaya kusa da shi, ka hana shi gudu, har ya faɗi abin da ke ransa da kansa. Maganar da wani ya faɗa a madadinka, gobe za ka iya musunta. Wadda ta fito daga bakinka kuwa, dole ka riƙe ta.