Kibiyar da Na Ja a Littafin Zanena

A lokacin ina ɗan shekara ashirin da huɗu, ina koyon zanen duwatsu da tsaunuka a shagon wani dattijo Bayarabe a Gada Biyu, kaina har ya fara kumbura don an yaba aikina sau biyu. Ogana ba ya yarda a kwafi hoton waya. Sai dai ka je gaban dutsen da sassafe, ka miƙa hannu da fensir, ka rufe ido ɗaya ka auna tsayinsa, ka ja kibiya a takarda don tuna ta inda rana ta bugo, sannan ka dawo shago ka sa fenti.

Sati biyu da ɗage dokar hana fita da aka sa bayan rikicin da aka yi a garin, na tafi ni kaɗai wata unguwa can bayan Dutse Uku, inda ba wanda ya san ni. Ban yi wa kowa sallama ba, wai ina sauri kada hasken ya wuce. Na haye wani dutse na shiga aune-aune, ina zana rufin gidaje da hanyoyi. Sai da inuwa ta rufe takardar na ɗago kai, na ga maza sun kewaye ni, wasu da sanduna. Ɗaya ya fizge littafin, ya nuna kibiyar da ta sauka daidai kan wani gida, ya tambaye ni wa ya aiko ni in zana musu taswira. Ashe gidan ƙanwarsa ne, kuma an taɓa ƙona shi. Na yi ta rantsuwa cewa hanyar rana ce, ni kaina na ji maganar ba ta shiga kunne. Daga baya na ji wani yana cewa a kawo taya.

Wani tsohon tela ya ratso su, ya miƙo mini fensirina. "In kai mai zane ne, zana dutsen can muna kallo." Na karɓa, aka yago mini takarda ɗaya daga littafin. Na zana, mummuna dai, amma dutsen ya fito. Suka sake ni, littafin kuwa, aikin shekara uku, a gabana suka yayyaga shi.

Na daɗe ina jin haushinsu, yanzu kaina nake zargi. Na shiga unguwar mutanen da ba su gama zaman makoki ba, ban ga komai ba sai haske. 'Yan'uwana masu zane, kafin ku buɗe littafi inda ba a san ku ba, ku nemi mai unguwa, ku gaisa, ku faɗi abin da ya kawo ku. Ba kowace unguwa ce ke da tsohon tela ba.