Anti Me-ya-sa da Ɗakin Baya

Kowace safiya, kafin ta taɓa kujerar ofishinta, sai Anti Me-ya-sa ta ratsa ta rumfar walda. Ta tattare mayafinta kada tartsatsi ya huda shi, ta zauna a kan tsohuwar taya, ta fara halin da ya jawo mata wannan suna. Me ya sa wannan keken ya dawo? Me ya sa birkin wancan yake ƙara? Mai walda yakan ɗage gilashin fuskarsa ya ce, "Anti, ko ruwa ban sha ba." Ita kuma ta ce, "Ba ni amsa tukuna, ruwan ba guduwa zai yi ba."

Ƙungiyar da take wa aiki kekunan guragu take ƙerawa, ta gyara, ta bayar kyauta. Aikin Anti shi ne nemo tallafin da ke riƙe da wurin, aikin da ba ya fitowa a hoto. Ranar rabon kekuna Shugaba, mai ƙungiyar, shi ne a gaba cikin sabon ɗinki, ita tana can baya tana nemo wa baƙi kujeru.

Sa'ad da ta zo, gidauniya ɗaya tak ke ɗauke da ƙungiyar. Ta ce wa Shugaba tukunya ba ta zama a kan dutse ɗaya. Ya yi dariya, don mutanen gidauniyar ba su taɓa saɓa masa ba. Ba ta ja da shi ba, ta dai shiga neman wasu, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Ba kowa take rubuta wa ba. Sai ta binciko abin da gidauniya ta damu da shi, in bai haɗu da aikin kekuna ba ta bar musu kayansu komai maiƙonsa. In kuwa an ƙi su, washegari za ta buga waya, ta yi godiya, ta tambayi dalili. Abokan aiki suka yi ta zolayarta, wai an rufe mata ƙofa tana gode wa mai gadi.

Sai ga shi babbar gidauniyar ta juya ga wani fanni, ta yi musu sallama. Ƙananan masu tallafi da Anti ta tara su suka hana wurin durƙushewa nan take, amma ba su isa ba. Shugaba ya tara ma'aikata ya faɗa musu gaskiya: in shekara ta ƙare ba wani babban hannu, rumfar za a kulle. A wannan tsakani wata gidauniya ta yarda ta aiko wakiliya ta ga aikinsu.

To, akwai ɗakin baya. Shekara guda kafin nan sun ƙera kekuna masu siraran tayoyi, kyawawa a ido, amma da sun hau hanyar tsakuwa sai su lanƙwashe. Masu su suka yi ta dawo da su, aka jibge a can. Kowa ya san al'adar zuwan baƙi: a yi fenti, a share, a kawar da abin kunya. Shugaba, wanda ya kafa ƙungiyar da guminsa, ya ce a sa wa ɗakin kwaɗo.

Anti ta same shi a ofis. "Ranka ya daɗe, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya."

"Ƙanwata, abincin mutane ne a hannunmu. Ki bari mu samu tukuna, sai mu yi gaskiyar daga baya."

"In mun samu da kwaɗo, da kwaɗon za mu yi ta zama da su. Ka ba ni makullin. In ta ɓaci, ka ce ni ce."

Ya ciro makullin ya miƙa mata. Wannan ma jarumta ce, kuma mun shaida masa.

Wakiliya ta zo, ta ga sabon fenti, ta sha lemo. Anti ta ja ta har ɗakin baya, ta buɗe, ta kira mai walda ya bayyana da bakinsa inda suka yi kuskure da yadda suka gano. Baƙuwa ta tsuguna ta shafa wata lanƙwasasshiyar taya, ta yi 'yan tambayoyi, ta tafi. Da amsa ta iso, ƙi ne.

Waɗanda ke wurin ba su manta makon nan ba. Mai walda ya daina ɗage gilashinsa in ta shigo. Gaisuwa ta koma ta fatar baki. Abin ya yi mata zafi, ta yi kukanta a ofis, ta wanke fuska, ta ɗauki waya kamar kullum. Wakiliyar ta ce, "Kun nemi mu taimaka ku ƙera sababbi. Abin da na gani a ɗakin nan kuwa, gwaji da gyara kuke buƙata, kuma ku kaɗai kuka nuna mini irinsa. Ki sake nema a kan wannan." Anti ta zauna da mai walda, wanda ya dawo da fara'arsa a kunyace, suka tsara buƙatar tare. Aka amince. Daga bakin wakiliyar nan labarinsu ya kai ga wasu gidauniyoyi, yau rumfa ta zama biyu.

Anti, ke ce kika koya mana cewa neman tallafi ba bara ba ne. Ke ce ba ki taɓa yi wa mai bayarwa alƙawarin abin da hannunmu ba zai iya ba. Mai tambaya ba ta ɓata, uwar rumfa, sannu da aiki.

A wannan watan ta yi ritaya. Ranar walimar sallama an yi jawabai masu tsawo, wasu har da gyangyaɗi. Can sai wata tela ta turo kekenta tsakiyar taro. Ta taɓa yin damina guda a ɗaki lokacin da siraran tayoyin kekenta suka lanƙwashe, ɗinki ya tsaya, sai an ɗauke ta kafin ta ga rana. Ta riƙe hannun Anti ta ce, "Yaya, ni ban san abin da kike rubutawa a ofis ɗin nan ba, ban iya karatu ba. Na dai san yau da kaina na zo, ba wanda ya ɗauko ni."

Mun gode, Anti. Allah Ya sa hutun ya yi albarka, Ya ba jikokinki haƙurin amsa tambaya. Ku kuma masu nema wa ƙungiyoyi tallafi, ku yi koyi da ita: ku san wanda kuke nema, ku gaya masa gaskiya ko da za ta ja muku asarar yau. Akwai mai zaune a ɗaki yana jiran aikinku ya fito da shi.