Takardar da Na Kai wa Inna Maradun

Muna idar da sallar asuba muka bar Birnin Tudu, ni da maƙwabciyata, za mu Maradun wurin Inna. Tunda idon Inna ya rufe, rediyo ne abokin hirarta, a nan take jin tafsiri. To an sa sola a gidan, rediyon ya koma zuuu kamar ƙudan zuma. Aka ce min ta daina fitowa tsakar gida. Na ce wallahi sai na je.

Hanyar Bakura shinkafa ce kore shar dama da hagu. Kuɗin mota kam ya hau, direba ya ce mu tambayi gidan mai.

A Mafara muka sauka wurin ƙanin maigidana, malamin kimiyya. Na ga yadda yake shafa baƙar tawada mai garin bakin fensir a kan takarda ta cikin rariya, kamar masu buga rubutu a riga. Ya ce tana tare hayaniyar lantarki, ya ba ni guda in kai wa Inna.

"Yaya, kar ta jiƙe, kar ki ninke ta."

Na sa ta tsakanin faifai biyu, na ɗaure da ɗankwali. Mu shida a bayan mota, har da buhun dankali, ni kuwa na ɗaga faifai sama har hannuna ya sage. A shingen jami'an tsaro wani ya leƙo, ya ce ko waina ce a ba shi. Daga nan kowa sai salati saboda tsoron hanya, har Maradun.

Na iske Inna ta rame. Ta shafa fuskata. Na lulluɓe rediyon da takardar tsaf. Ƙarar ta ɗauke, muryar mai tafsirin ma ta ɗauke.

"Ke ɗiyar nan, kin kashe man shi gaba ɗai?"

Na kira ƙanin namu, babu sabis. Na zauna ina ta tunani, hawaye na neman zuwa. Ai ba rediyon ke yin ƙarar ba, daga solar take fitowa. Na tashi na kewaye akwatin solar da takardar, na bar masa kafar shan iska. Na murɗa. Zuuu ɗin bai mutu duka ba, amma ga muryar malam tar.

Inna ta ce, "Matsa, kina tare man karatu."

Washegari muka dawo da hoce, wato wainar dawa, da busasshen kifi. Na koyi in fara neman inda damuwa take fitowa kafin in rufe wani abu. Da zan fito ban samu doguwar sallama ba, Inna na tsakar gida, kunnenta na wurin malam.