Kunyar da ta ci mana Saratu

Da kakar bana Saratu ta cika shekara arba'in da ɗaya a ƙasa. Watanta tara a duniya. Ni ne ubanta, kuma a wata taran nan ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, don ita ce 'yar farinmu.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Gummi, muna cikin tsohuwar jihar Sakkwato. Matata Hajara ta tafi wankan gida wajen iyayenta a Nasarawa Burkullu, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Duk Juma'a sai in ɗaure sabulu da kanwa a bayan babur in bi hanyar burji. In durƙusa in gaida surukata, Inna, in tambayi damina, in tambayi shanu, har akuyar gidan sai na tambayi lafiyarta. Jaririya kuwa ko kallon inda take ba na yi. Ana ta yaba mini, wai malamin nan boko bai ɓata shi ba. Ni ma ina jin daɗin yabon, Allah Ya yafe mini.

Hajara ce mai wanke tsumma. Tun sati biyu da haihuwa ta ga kashin yarinyar ya koma fari kamar kindirmo, fitsarinta kuma yana rina zane. Sau ɗaya ta iya raɗa wa mahaifiyarta. Inna ta ce, "Ba komi, nono na. Ke kuma yaushe kika fara zancen ɗiyar hwari?" Daga nan Hajara ta ja bakinta. Da idon yarinyar ya yi rawaya aka ce shawara ce, aka yi ta ɗura mata jiƙon saiwa. Ban ga laifin Inna ba, abin da ta gada ta yi. Ni fa, da nake tsayawa gaban allo ina koya wa 'ya'yan wasu tsabta da kiwon lafiya?

Sai da suka dawo Gummi, ciki ya kumbura, yarinya ta kai wata huɗu, sannan yayata ta yi mana tas, ta tusa ƙeyarmu zuwa asibiti a Sakkwato. Likita ya ce an haife ta ne da hanyar da ke fitar da ruwan matsarmama daga hanta a toshe, ruwan ya taru yana cin hantar. Ya dube ni ya ce, "Malam, tun yaushe kashinta ya yi fari?" Ni a bakinsa na fara jin zancen. Hajara ce ta amsa daga cikin mayafi. Ya ce akwai aikin da ake gwadawa a manyan asibitoci, amma kafin jariri ya wuce wata biyu. Bai ce da ta rayu ba, cewa ya yi da an gwada. Mu dai ihu bayan hari muka je yi.

Na yarda da ƙaddara, kwananta ne ya ƙare. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne ranar da muka binne ta, masu ta'aziyya suna yabon Hajara don ba ta zubar da hawaye ba. Hajara ta rasu shekaru shida da suka wuce, ta haifa mini bakwai bayan Saratu, kuma ba mu taɓa zama mun yi maganar ba.

Da Saratu na nan, da yanzu ta aurar da 'ya. Nakan tambayi kaina me za ta ce da zamanin nan. Kowa da waya a hannu, ana ɗaukar hoton jariri tun kafin a yi masa wanka, a aika Kano da Legas, amma ba mai duba abin da ke cikin kunzugunsa. An gina ɗakunan shan magani, hanyar zuwa kuma ta zama abin tsoro. Mun yar da al'adu masu kyau da yawa ba tare da mun waiwaya ba, wannan shirun ne muka riƙe gam.

Saratu ba ta bar hoto ba, kabarinta ma ya baje. Abin da ta bar mini shi ne rashin kunya. Duk gidan da aka haihu a danginmu sai na sa an buɗe mini tsumma na gani da idona, mata suna dariya, wai tsufa ya taɓa Malam. Su yi ta yi.

Watan jiya na je suna a Bukkuyum, gidan ɗan ƙanena, mai digiri. Na ja shi gefe na ce, "Kashin yaron nan, wane launi ne?"

Ya sunkuyar da kai yana murmushi. "Haba Baba, ni ina zan sani? Ɗan hwari na fa."