Damin geron Baba Barka

Duk tsufan nan nawa, ban manta da ranar kasuwar da muka karanta kundin tsarin mulki a Matameye ba, ƙarshen shekarar 1960. Ni ne tafinta a bariki lokacin. Ku yaran yanzu da kuka tashi da lasifika ba ku san wahalar ba. Kumandan, mai mulkin yankin, zai karanto jimla da Faransanci, in juya ta da Hausa, sankira ya ɗaga murya ya kai ta ƙarshen taro. Kafin magana ta isa rumfar mahauta ta sha hannu uku.

Da watan Agusta haka muka yi shelar 'yancin kai, aka sha kiɗa aka watse. Shi ya sa da muka dawo da takarda ta biyu bayan kaka, mutane suka yi ta tambaya ko ta farin ce ta lalace. Ni kaina, in faɗi gaskiya, ina son in san abin da ya haɗa su.

Muna gamawa sai wani tsoho ya jawo jaki da damin gero har gabana. Baba Barka ne, mutumin Dungu. Ya ce tun kafin zuwan Nasara aka kamo shi yana yaro. Daga baya ubangidansa ya 'yanta shi yadda ake yi: ya furta gaban shaidu, aka yanka rago, aka raɗa masa sabon suna. Amma ba wanda ya faɗi yadda zai zauna bayan nan. Da ubangidan ya rasu, magada suka ce duk kaka sai ya kai musu dami na gaisuwa. Na bana ne ke kan jakin.

"Ɗana," in ji shi, "ta farin na gane ta, irin tawa ce, furuci da biki. Wannan ta biyun, ta ce in kai damin ko kar in kai?"

Na juya wa kumandan tambayar. Bai yi dariya ba. Ya buɗe kundin yana bin layi da yatsa, ni ma na leƙa, don abin ya kama ni. Ya ce shelar Agusta ta raba ƙasa da mai mulkinta ne, kundin kuma shi ke faɗin yadda 'yantattun za su zauna da juna. Ya nuna inda aka ce kowa daidai yake gaban doka, ba a duba asalinsa. Babu gero a ciki, babu Dungu.

Na faɗa wa tsohon haka, ban ƙara gishiri ba. Ya ce shi ba a kunnensa yake so ba, a ba sankira, tunda magadan suna cikin kasuwa. Kumandan ya gyaɗa kai. Sankira ya kwarara maganar har mahauta suka dakata da sara.

Baba Barka ya daɗe yana kallon damin. Sannan ya juya kan jakin ya nufi hanyar Dungu da daminsa, bai kai wa magadan ba. Tausayinsa ya kama ni, da tsoron abin da zai tarar gobe, don takarda ba ta raka mutum gida.

Abin da na koya a aikin nan ke nan. In kun fassara doka, kar ku ɗauka kun gama don kun kai ƙarshen shafi. Ku tsaya tukuna, akwai mai jaki a bayan taro da yake jiran ya ji inda zai kai geronsa.